Mai Jera Takalma a Hawa na Shida

Murakkabat, Dubai
14 ga Agusta, 2014

Zuwa ga 'yata Uwani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin jirgi, ko bayan kin sauka birnin Bangalo na Indiya. Allah ya tsare miki hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Shekara biyar da wata biyar ke nan ina riƙe da Alhaji Sani a raina. Kin san shi, mai harkar kago, wato aika kaya ta jirgi, a unguwar Dera, wanda kayansa ke bi ta ofishinmu. A gaban mutum fiye da ashirin ya dube ni ya ce, "Malam Yohanna, da karatu na ba da abinci, da ba kai ke liƙa wa kwalayena lamba ba." Aka yi dariya. Ni da na yi digiri a Turanci, na yi shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandare har na kai mataimakin shugaban makaranta. Ban yafe ba tukuna, kada in yi miki ƙarya. Na fara da shi ne don shi na daɗe ina ɗora wa laifin da nawa ne, kuma ba na so ki tafi karatu wata ƙasa da labarin da na gyara don ya yi mini daɗi.

Amma da farko ki bar ni in yi murnata. Tun ranar Asabar na kasa zama wuri ɗaya. Kin tashi a ajinmu na Hausa, a gaban yara goma sha huɗu da iyayensu, kin karanta labarin da kika rubuta da hannunki, da Hausa, shafi biyu cur, ba ki yi tuntuɓe ba sai sau ɗaya. Na ba direban ofishinmu labari, na ba mai shayin unguwar Fot Sa'id, har wani ɗan Pakistan da ya zauna kusa da ni a jirgin metiro na ba shi, bai san inda na dosa ba ya yi ta gyaɗa kai. Mamanki ta ce in rage, wai mutane za su ɗauka caca na ci. Ga shi kuma yau ina rubuta miki da harshen uwata, na san za ki karanta ba sai an fassara miki ba. Shekara biyu da suka wuce ko a mafarki ban sa ran haka ba. To ki bi ta a hankali. Inda kalma ta gagare ki, ki ja mata layi ki tambaye ni.

Kuskurena na farko da shi na sauko daga jirgi. Kin zo garin nan kina 'yar shekara biyar, bakinki cike da Hausar Wusasa irin ta kakarki, har da karin maganar tsofaffi da ba ki san ma'anarsu ba. A makarantar da na koyar muna da doka: wanda aka kama yana banakula, wato yana magana da harshen gida, sai ya yanke ciyawa. Na kwaso dokar nan na kafa ta a ɗakinmu. Tunda ba ciyawa a Dubai, na ce wanda ya yi Hausa shi zai wanke kwanuka. Mamanki ta dube ni ta ce, "Malam, ai ko na yi shiru ni ke wankewa," ta ci gaba da Hausarta da ni. Amma ke yarinya ce, kin ɗauki abin da gaske. Cikin shekara biyu kin daina wanke kwano. Na yi ta kai ki gaban baƙi ina cewa su ji Turancin 'yata.

Tsoro ne ya sa ni, Uwani. Gani nake Hausa ce ta kawo ni inda nake, Turanci kuma shi zai fitar da ke. Ban tsaya na lura ba cewa ni ma da Turancin nawa nake liƙa lamba. To ga shawara. In wani ya kafa miki doka a kan bakinki, ki tambayi kanki me yake tsoro. Kuma tunda aikin jinya za ki koya, za ki haɗu da marasa lafiya da ba su jin harshen likita. Kada ki ɗauka wawaye ne. Ki koyi yadda ake cewa "ina ke ciwo" da harshensu, ko da shi kaɗai za ki iya.

Na biyu ya faru a farkon 2009, watan da muka koma wannan benen. Kin tuna yadda kowace safiyar Juma'a lifta ke cika da 'ya'yan Indiyawa, gashi ya sha mai, kowa da 'yar jakarsa, suna zuwa hawa na shida. Ƙungiya ce ta mabiya addinin Hindu, 'yan kudancin ƙasarsu, suka kama filat guda suna koya wa 'ya'yansu harshen Tamil. Ran nan na dawo daga sujada ban same ki ba, Mamanki ta ce kin bi ƙawarki Mina sama. Ko kwat ban cire ba na hau.

Abin da na fara gani takalma ne. An jera su layi-layi a baranda, ƙanana a gaba, manya a baya, kowanne an juya bakinsa ya kalli hanyar fita. Wani dattijo siriri, da farin zane a ƙugu da tsohuwar riga, yana tsugune yana jerawa. Na tuɓe nawa na watsar, ya ɗauka ya kaɗe ya sa a layi. Ko kallonsa ban yi ba. A ciki yara na zaune a tabarma kashi uku, iyaye mata na koya musu haruffan nan nasu masu lanƙwasa. A kusurwa akwai ɗan kabad da hotunan abin bautarsu, da fitila da furanni. Ke kuma, budurwa 'yar shekara goma sha biyar, kina durƙushe cikin ƙananan yara a gaban faranti cike da ɗanyar shinkafa, wata mata ta kama yatsanki tana zana miki harafinsu na farko a ciki, yadda suke yi wa mai fara karatu. Fuskarki kamar an ba ki kyautar gari. Na finciko ki. A bakin ƙofa dattijon ya miƙo mini takalmina, na laluba aljihu na ba shi dirhami ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode.

Bayan kwana huɗu sai ga shi a ofishinmu cikin kwat, manajanmu na biye da shi kamar zai kwanta. Ashe babban injiniya ne mai duba lafiyar jiragen ruwa, Mista Mani. Ashe kuma shi ne shugaban ƙungiyar. Ya gaishe ni da fara'a. Ji na yi kamar in shige kwali in liƙa wa kaina lamba a tura ni Kano.

Daga baya, da muka saba, na tambaye shi me ya kai shugaba ga takalmi. Ya ce, "A wurinmu wanda aka zaɓa, ƙofa ake ba shi. Malamai suna ganin fuskar yaro, ni ina ganin gidansu. In takalmi ya yi mako biyu bai zo ba, sai mu je mu duba lafiya. In ya yi ta zuwa a yage ba a sake shi ba, to uban ya rasa aiki yana ɓoyewa." A shekarar nan da aiki ya yi ta zubewa a Dubai, ta takalmi suka gano gidajen da tukunya ta daina hawa wuta. Suka kai musu shinkafa da man girki, suka nema wa wasu aiki, ba tare da maƙwabci ya ji ba. Na yi karatun koyarwa shekara da shekaru, ba malamin da ya taɓa gaya mini in duba ƙafar ɗalibi.

Saboda haka in kin shiga wuri, asibiti ne ko aji, kada ki fara da neman mai babbar kujera. Ki duba wa ke bakin ƙofa, ki tambayi sunansa, ki gaishe shi da shi. Kuma ki riƙe hannunki daga aljihu har sai kin san wa ke gabanki.

Na uku shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mamanki. Abin da na gani a hawa na shida ya tsaya mini a rai, sai na kai wa Hausawan Dera shawarar mu ma mu buɗe aji don 'ya'yanmu. Kada ki yaba mini. Ba don Hausa na kawo ta ba, so nake a kira ni Hedimasta. Labari ya kai kunnen Mista Mani ta bakin Mina. Muka haɗu a lifta ya ce, "Na ji kuna neman wuri. Mu Juma'a kawai muke shiga, Asabar a rufe yake. Kabad ɗin nan yana da murfi, za mu rufe mu sa labule, ba abin da zai dame ku." Ya ciro mabuɗi ya miƙo mini. Na ce zan yi shawara. Hannuna na cikin aljihu har lifta ta tsaya. Gani nake in na karɓa, duk ranar Asabar sai dirhamin nan ya dube ni.

Mun yi taro uku a saman wani gidan abinci a Dera. Na farko ya ƙare a rabon muƙami: shugaba, mataimaka biyu, iyayen ƙungiya uku, jami'in hulɗa da jama'a, har da mai tsawatarwa. Alhaji Sani ya zama shugaba, ni aka ba ni mataimakin sakatare na biyu. Da na ce makaranta ai sai wanda ya san koyarwa, nan ya yi mini maganar kwalaye. Na biyu ya ƙare a kan rana, don Juma'a Musulminmu na masallaci, mu kuma a garin nan ranar ce muke sujada, da ƙyar aka tsaya a kan safiyar Asabar. A na uku aka zo maganar wuri. Isufu, abokina ɗan Maraɗi mai safarar kayan gyaran mota, ya juyo da Faransancinsa ya ce, "Bon, Malam, Indiyawan benenku fa, a ina suke yin nasu? Ba za su ba mu aro ba?"

Na ce, "A gaban gumaka suke yi. Wa zai kai ɗansa?"

Ban ce an miƙo mini mabuɗi ba. Ban ce an yi alkawarin labule ba. Ranar ce kaɗai na ga Musulminmu da Kiristanmu sun yarda da juna a kan maganar addini ba gardama. Aka tashi a kan za a nemi wani wuri. An buga takarda mai tambarin ƙungiya, an sassaƙa hatimi, ɗalibi ko ɗaya ba a samu ba. Shekara biyar ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa son girman Alhaji Sani ne ya kashe ajin. Yana da nasa, wannan ba shakka. Amma mabuɗin a gabana aka miƙo shi.

In an miƙo miki mabuɗi, 'yata, ki karɓa. Ko daga hannun wanda kika ji wa kunya ne, ki karɓa, kunyar ba ta kisa. Girman kai ne ke kisa, kuma ba mai shi yake fara kashewa ba.

Da azumin shekarar da ta biyo, Isufu na bakin ruwa yana jiran a loda kayansa a jirgin katako, rana ta kusa faɗuwa, ba shi da ko ruwa a hannu. Sai ga mutanen hawa na shida da kwalaye, suna bi suna raba wa 'yan dako ruwan sanyi da nono da dabino, su da ba azumin suke yi ba. Washegari ya shigo ofis ya jingina da teburina ya ce, "Malam, masu gumakan naka fa su suka ba ni ruwan buɗa-baki jiya. Ƙungiyarmu mai hatimi ko ƙwallon dabino ba ta raba ba." Na yi kamar ina neman wata takarda.

Ƙasarsu za ki, don haka ki ji ni da kyau. Ban ce ki bi addininsu ba, su ma ko sau ɗaya ba su nema ba. Ki riƙe bangaskiyarki, ki nemi majami'a tun makon farko, kada ki durƙusa wa abin da ba naki ba. Amma ki ci abincinsu, ki je gaisuwar mutuwarsu, ki koyi aikin da suka fi mu iyawa. Ki dai yi hankali da barkononsu, ya fi na Zariya rashin mutunci.

Sauran labarin kin san shi, don a kanki ya faɗo. A Nuwamban 2012 Kaka ta sa aka kira mata wayar gidanmu, ina bakin aiki, Mamanki na kasuwa, ke kika ɗauka. Sunanta kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiranki Rifkatu. Ta yi miki magana mai tsawo, ba ki gane ba. Bayan kwana uku ta rasu. Na ɗauka kukan rashi kike yi, ashe har da na wani abu. Da sabuwar shekara ta shigo, ba ki kira taro ba, ba ki nemi shugaba ba. Kika hau hawa na shida ke kaɗai, kika sauko kika ajiye mabuɗi a gefen kwanon tuwona. Da Turanci, don lokacin shi kaɗai gare ki, kika ce ranar Asabar ƙarfe goma zan koyar, ke ce ɗaliba ta farko. Abin da maza ashirin da hatimi suka kasa, kin yi shi a tafiya ɗaya da silifas.

Ranar farko ku biyar ne, ke da 'ya'yan Isufu biyu da biyu na wata ma'aikaciyar otal 'yar Kafanchan. An rufe kabad an sa labule kamar yadda aka ce. Mista Mani ya zo da kansa ya miƙo mini alƙalamin rubutu a allo, ya ce, "Dirhaminka ne, na daɗe ina ajiye maka." Muka yi dariya, tawa ta fi tasa zafi. Muka ari dabarar faranti, sai dai Isufu ya ce mu ba 'ya'yan shinkafa ba ne, ya kawo gero daga cikin wanda ake aiko masa. A cikin gero kika zana harafin Hausa na farko, ni na kama yatsan. Sannan kika ce tsarin masu ɗaki za mu bi, babba shi ke ƙofa. Tun ran nan nake jera takalma kafin in shiga in ɗauki alƙalami, kuma in gaya miki gaskiya, ban taɓa riƙe muƙamin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Na san wanda ke zuwa da takalmin yayansa. Na san wadda uwarta ke aikin kwana, don kullum a hagunce take sa nata.

Yanzu ga abin da ba ki gani ba ranar Asabar, kina ciki kina shirin karatu. Ina tsugune a baranda sai ga Alhaji Sani, da jikokinsa tagwaye da ko "ina kwana" ba su iya ba. Ya tuɓe takalmi ya watsar, daidai yadda na yi a 2009, sannan ya gane ni.

"A'a, Malam Yohanna. An samu ci gaba ke nan, daga kwali an koma takalmi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe shugaba, yalla, in ji Larabawa, shiga. Ɗalibanka sun yi shekara biyar suna jira."

Ya yi 'yar dariya ya shige. Na ji daɗin amsar nan har cikin ƙashina, kada in ɓoye miki. Amma da na ɗaga takalmin zan sa a layi, sai na ga dunduniyar ta cinye, an yi mata faci har sau biyu. Alhaji Sani, wanda da ba ya maimaita takalmi a mako. Da Mista Mani ne, da tuni ya je gidansa. Ni kwana biyar ke nan ina juya abin, ban je ba. Ki sa ni a addu'a, wataƙila kafin wasiƙarki ta farko ta iso na taka.

Kada ki damu da ajin. Isufu ya karɓi ƙananan, in ya sa musu Faransanci a ciki zan ji daga ƙofa. Ni ina nan da manyan, kuma tagwayen Alhaji sun ce za su dawo. Abin da nake so a wurinki kaɗan ne. Ki rubuto mini duk mako da Hausa, da kurakuranki duka, ba zan sa jan biro ba, na yi alkawari. An ce akwai ɗalibai 'yan arewa a can, ki neme su, ki yi hira da su ko za su yi wa Hausarki dariya. In kin ga gida mai yara da bakinsu ya fara juyewa, kada ki sassaƙa hatimi. Tabarma ɗaya da faranti sun isa. Kuma in tsoho na yi miki magana ba ki gane ba, kada kunya ta sa ki amsa. Ki ce ya sake faɗa. Ki ce ya jira ki kira wani.

Ubangiji ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki daga ciwo da mugun abokin tafiya, ya ba ki hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya dawo mana da ke muna da rai. Mamanki ta sa miki yaji da kuka a ƙasan akwati, kada ki bari su jiƙe.

Ni ne mahaifinki,
Yohanna Tanko

Saura abu ɗaya. Lokacin da kika tambaye ni me Kaka ta ce miki, kika kawo mini abin da kunnenki ya riƙe, "rijiya" da "Talatu" da "kada ki manta", na ce miki albarka ta sa miki. Na faɗa ne don ki daina kuka. Na tambayi Gwaggonki Jummai da ta kira mata wayar, ta ce Kaka ta fitar da ita daga ɗakin, wai magana ce tsakaninta da takwararta. Ban san wata Talatu a danginmu ba. Gidanmu ba rijiya. Minti goma sha ɗaya uwata ta yi tana magana, ke kina amsa mata da Turancin da na koya miki. Abin da ta faɗa ba wanda ya sani, kuma babu wanda za a tambaya.